Majalisa ta ce a ɗage jarrabawar kwamfuta zuwa 2030: yaranmu aka tausaya wa ko masu kasuwar ekspo?

Abu_Hanan:
Assalamu alaikum jama'ar zaure, ya muka ji da sanyi? Wata magana ce ta tsaya mini a rai. Kun ji Majalisar Wakilai ta nemi Ma'aikatar Ilimi da WAEC su dakatar da shirin mayar da jarrabawar kammala sakandare kan kwamfuta a 2026, a bari sai 2030. Shi kuwa Ministan Ilimi, Dakta Tunji Alausa, tun watan Afrilun 2025 ya ce WAEC da NECO duk kwamfuta za su koma, don a kashe satar amsa.

Jiya da daddare a teburin mai shayi a Dilimi gardama ta kaure a kan wannan. Wani ya ce majalisa ta ceci 'ya'yan talakawa, wani ya ce ƙarya ne, masu mirakul senta, wato cibiyoyin da ake biya a ba yara amsa, ta ceta. Ni dai ban ɓoye ba, na fi karkata ga na biyun. Satar amsa a ƙasar nan ta wuce yaro ya leƙa takardar na kusa da shi, kasuwa ce mai dillalai da farashi. Duk wanda ya ce a ƙara mata shekara huɗu, sai ya faɗa mana wa zai ci ribar shekarun. Ina da 'ya a aji shida, don haka abin a gidana yake. Masu ilimi a warware mana: wannan sa idon na majalisa yana tsinana wani abu kuwa?

Ɗan_Keke_Terminus:
Wa alaikumus salam. Alhaji ai ka riga ka ba kanka amsa, mu me za mu ce?

'YarWase:
Alhaji Abu Hanan, da girmanka, amma daga cikin garin Jos kake magana. Ni ina koyarwa a wata makarantar gwamnati a ƙauye, can ƙasan Filato. Ɗalibanmu na aji shida sun haura tamanin, kwamfutar da muke da ita guda ɗaya ce, ita ma ta shugaban makaranta ce ta kansa. Wuta kuwa ko turke babu a garin. Waya ma sai ranar kasuwa ake kai ta caji wurin mai janareta.

Bara na ari kwamfutar na shiga da ita aji. Na ce wa wata yarinya, wadda ita ke zuwa ta ɗaya a lissafi, ta motsa linzamin. Wallahi ɗaga shi ta yi sama tana nuna allon da shi kamar rimot. Aji ya fashe da dariya, ita kuwa ta koma kujera ta kifa kai, ranar ba ta sake magana ba. Yarinyar nan ka ba ta biro da takarda ka ga aiki. Ita za a ce nan da wata shida ta zauna gaban na'ura ta rubuta darussa takwas ko tara? Ni ban san zuciyar 'yan majalisa ba, amma abin da suka faɗa gaskiya ne ko da da wata manufa suka faɗe shi.

Mai_Kafe_BauchiRoad:
Malama, na yarda da ke rabi. Amma ki tuna haka aka yi ta kuka lokacin da JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya a 2015. An ce 'yan ƙauye sun shiga uku. Yau shekara goma, yaran Kanam da Wase da Shendam suna zuwa suna rubutawa. A shagona kwana uku nake koya wa yaro ya iya zaɓar A, B, C, D ya danna gaba. Ba wani sihiri ba ne.

'YarWase:
JAMB zama ɗaya ne na awa biyu, Malam. Ka kwana gidan ɗan'uwa a Jos, ka rubuta, ka hau mota ka koma. WAEC fa? Sama da wata guda ana yi, ga insha'i, ga gwajin kimiyya. Wa zai ciyar da yaro tamanin a birni tsawon wannan lokaci? Kuma a wannan hanyar tamu da kowa ya san halin da take ciki?

Barista_Rikkos:
Bari in gyara wani abu tun kafin a yi nisa. Abin da majalisa ta yi ƙuduri ne, ba doka ba. Ɗan majalisa ya tashi ya gabatar da buƙata, aka yi na'am da murya, aka buga guduma. Shawara ce mai nauyi, amma minista yana iya saurara ya ce na ji, ya ci gaba da abinsa, kuma ba kotun da za ta ɗaure shi a kan haka. Doka kuwa sai an yi mata karatu na ɗaya da na biyu, kwamiti ya zauna ya ji ra'ayin jama'a, a yi karatu na uku, ɗaya zauren ma ya amince, sannan shugaban ƙasa ya sa hannu. In ya ƙi cikin kwana 30, sai kashi biyu cikin uku na kowane zaure su tsallake shi.

Inda majalisa take da haƙori na gaske wuri biyu ne. Sashe na 88 da na 89 na tsarin mulkin 1999 sun ba ta ikon bincikar duk hukumar da take kashe kuɗin da ta ware, ta kira kowa ya zo da takardu, in ya ƙi ta sa a ba da sammacin kawo shi. Na biyu shi ne kasafi. In da gaske suke, mu duba kasafin 2026 mu ga layin ɗakunan kwamfuta da sola da albashin malaman kwamfuta. Su da kansu suka ce a riƙa ware kuɗin daga 2026 zuwa 2029. To alƙalamin ai a hannunsu yake.

Abu_Hanan:
Barista, Allah ya ƙara basira. Ke nan duk wannan hayaniyar ma ba ta ɗaure kowa ba? To ni me zan ce wa Hanan, ta yi shirin biro ko na kwamfuta?

Barista_Rikkos:
Ta yi duka biyun, Alhaji. Sanarwar hukumar jarrabawa ce za ta yi aiki a kanta, ba ta majalisa ba.

Baba_Hedimasta:
'Ya'yana, ku bar tsoho ya sa baki. Na fara koyarwa tun Filato da Binuwai suna jiha ɗaya. A 1984 gwamnatin soja ta Buhari ta kafa dokar da ta yanke shekara 21 a kurkuku ga mai satar jarrabawa. Mun ɗauka an gama da ita ke nan. Sai ga shi a 1999 an sake wata dokar, mai lamba 33, aka sassauta: yaro tarar naira 100,000 ko shekara uku, malami ko shugaban makaranta ko mai sa ido shekara huɗu ba zaɓin tara. Dokar tana nan har gobe. Ku faɗa mini, a duk unguwannin Jos, daga Gangare zuwa Unguwar Rogo, wa ya san shugaban makaranta ɗaya da ya yi shekara huɗun nan? Ni dai har na yi ritaya ban gani ba. Abin da ake yi shi ne a riƙe sakamakon yara, a soke cibiya na ɗan lokaci, mai makarantar ya sauya suna da fenti ya dawo. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Malama_Rifkatu:
Baba ya faɗi gaskiya. Ni shekara goma sha ɗaya ina makin takardu, kuma an sha tura ni sa ido. Bari in ba ku ɗaya. An tura ni wata makarantar kuɗi a bayan gari, ba zan faɗi suna ba. Ina isa aka shigar da ni ofis, ga shayi ga ƙwai ga dankali soyayye, da sanyin safiyar nan. Na ce na karya a gida. Ana saura minti ashirin a fara, matar mai makarantar ta miƙo mini kular abinci ta ce in tafi wa yara da ita. Na ɗaga murfi, babu ko ƙwayar shinkafa, 'yan dubu-dubu ne a naɗe da kyauro. Ta ce, “Anti, ki ɗan zauna a ofis ki huta, ɗakin akwai sanyi.” Na rufe na ajiye mata a kan tebur na wuce aji. A jikin allo har an share gefe ɗaya an tanadi alli.

Ranar ban zauna ba har aka tashi. Da na fito na tarar an sace wa babur ɗin da ya kawo ni iska, tayoyi biyun duka. Da ƙafa muka tura shi har bakin titi. Na rubuta rahoto da hannuna. Washegari wani aka tura can ba ni ba.

Kuma wurin maki kana gani ƙarara. Takarda arba'in a jere, duk sun yi kuskure ɗaya a kalma ɗaya, saboda wanda ya rubuta a allo shi ya fara kuskuren.

MamanSadiq:
Allah ya saka miki, Malama Rifkatu. Irinku sun yi ƙaranci.

Ɗan_Keke_Terminus:
Anti da ni ne na kai ki ranar, da kular ta bi mu gida ko don kuɗin faci.

Malama_Rifkatu:
Shi ya sa ba a ba ka sa ido ba, ƙanena.

Akanta_Abj:
Gaisuwa daga Abuja, ɗan Nasarawa Gwong ne ke magana. Labarin kular nan shi ne zuciyar zancen, kuma nan ne nake ganin majalisa take kallon gefe. Ana ta gardamar biro ko kwamfuta, ba wanda ya bi sawun kuɗin.

Ku yi lissafi da ni, misali ne kawai. Makaranta ta yi wa yara 200 rajista, ta ɗora wa kowa naira 50,000 a kan kuɗin hukuma da sunan “kuɗin taimako”. Miliyan 10 ke nan a zama ɗaya, ba rasit, ba haraji. Daga ciki ake cika kula, a sallami mai kawo tambayoyi, a sallami malamin da zai warware. Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta ce mutum ba zai karɓi tsabar kuɗi sama da miliyan 5 ba sai ta banki, kamfani miliyan 10, kuma bankuna suna kai rahoton irin wannan shige da fice ga NFIU, hukumar da ke bin sawun kuɗi. Shi ya sa ake karɓa kaɗan-kaɗan, wani ta mai POS na bakin ƙofa, wani ta asusun ƙanin matar mai makaranta. Masu sayar da amsa a WhatsApp da Telegram kuwa lambar asusu suke liƙawa a fili, kuma kowane asusu yana da BVN. In kwamitin majalisa yana son aiki, ya kira EFCC da NFIU a zama ɗaya da hukumomin jarrabawa, ya tambaye su asusu nawa aka bi, mutum nawa aka kai kotu. A watan Oktoban 2025 aka cire Najeriya daga jerin ƙasashen da FATF, hukumar duniya mai yaƙi da halasta kuɗin haram, take sa wa ido, bayan mun shiga a Fabrairun 2023. Ana ta murna a nan Abuja. To na'urar da ta gamsar da Turawa ta kasa ganin mai sayar da ekspo?

Kwamared_Jas:
Akanta, kana neman mai dokar barci ya hana gyangyaɗi. Wace majalisar? A 2005 Obasanjo ya kori ministan ilimi, Farfesa Fabian Osuji, kan zargin ba 'yan majalisa naira miliyan 55 don a gyara wa ma'aikatarsa kasafi, har shugaban Majalisar Dattawa Adolphus Wabara ya sauka. Kasafin ILIMI fa. Sannan Faruk Lawan, wanda ya taɓa riƙe kwamitin ilimi na Majalisar Wakilai, shi ya jagoranci binciken tallafin mai a 2012, ya ƙare a gidan yarin Kuje kan dalolin Femi Otedola. Kotun Ƙoli ta tabbatar masa da shekara biyar a Janairun 2024. Su ne za su bi sawun kula?

Barista_Rikkos:
Kwamared, a yi adalci. Maganar 2005 zargi ce, an yi ta shari'a shekara da shekaru kuma ba a ɗaure kowa a kanta ba. Ta Faruk kuwa kotu ta yanke, ba musu. Amma ka lura, rahoton kwamitin nasa ne ya fara buɗe wa 'yan ƙasa yadda ake biyan tallafi kan man da ba a shigo da shi ba. Mutum na iya zama da datti a hannu kuma fitilar da ya riƙe ta haska ɗaki. Mutum 360 ne a zauren nan, ba a yi musu kuɗin goro.

Kwamared_Jas:
Barista kullum sai ka wanke su.

Barista_Rikkos:
Ban wanke kowa ba, ba a biya ni ba.

Ɗan_Keke_Terminus:
Ku dai ku bar maganar mutane, dabbobi ne matsalar ƙasar nan. A 2018 maciji ya haɗiye miliyan 36 a ofishin JAMB na Makurdi. A shekarar dai Sanata Shehu Sani ya ce ana raɗe-raɗin birai sun kwashe miliyan 70 na sanatocin Arewa. Shekara na zagayowa aka ce goggon biri ya cinye kusan miliyan 7 a gidan zu na Kano. Mu dai a riƙa ƙirga dabbobin gidan zu na Jos kullum da yamma.

MamanSadiq:
Kai Ɗan Keke, Allah ya shirye ka, har na ƙware da ruwa.

Akanta_Abj:
Dariya ce, amma akwai darasin aiki a labarin macijin. Kuɗin katin da ake kankarewa ne, wanda ake sayarwa hannu da hannu. Da aka soke katin aka koma biya ta banki kai tsaye zuwa asusun bai ɗaya na gwamnati, sai ramin macijin ya toshe. Farfesa Ishaq Oloyede ya karɓi JAMB a 2016, a 2017 ya mayar wa gwamnati naira biliyan 7.8, abin da ba a saba gani ba. Daga nan aka rage kuɗin fom daga 5,000 zuwa 3,500. Wanda ya gabace shi, Farfesa Dibu Ojerinde, ICPC ta gurfanar da shi a 2021 kan zargin biliyan 5.2, ya kuma musanta. Tambayata ga masu kare majalisa: duk shekarun da ake sayar da katin nan, kwamitoci suna zuwa aikin sa ido, hukumar tana zuwa kare kasafi kowace shekara. Me ya sa ba su suka gano ba?

Abu_Hanan:
Yawwa! Abin da nake nufi ke nan tun farko. Na'ura ta toshe ramin kuɗi, na'ura za ta toshe ramin ekspo. Malama 'YarWase, ki yi haƙuri, amma in aka jira sai kowane ƙauye ya samu wuta, har jikokinmu biro za su riƙe.

Mai_Kafe_BauchiRoad:
Alhaji, a nan kuma zan saɓa maka duk da cewa sana'ata ce. Kwamfuta ba ta kashe sata, sauya mata kaya take yi. A 2025 kwamitin da JAMB ta kafa ya gano dubban masu haɗa zanen yatsan mutum biyu a rajista ɗaya, da masu narkar da hoton fuska biyu ya zama ɗaya don sojan gona ya shiga. Da can mai kula dubu ashirin zai kashe, yanzu sai mai dubu ɗaruruwa. Wato satar ta bar hannun talaka ta koma ta masu hali. Tsugune ba ta ƙare ba.

Sannan kar mu manta abin da ya faru a watan Mayun 2025. Shugaban JAMB da kansa ya fito gaban 'yan jarida yana hawaye, ya ce matsalar na'ura ta ɓata sakamakon yara 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da Kudu maso Gabas, sai da aka sake musu. Wannan hukumar da ta shekara goma tana yi ke nan.

Malama_Rifkatu:
Biron ma ai bai tsira ba a 2025. Ranar 28 ga Mayu duk mun ga bidiyon yara a jihohi da dama suna rubuta Turanci da fitilar waya cikin dare, saboda an ce tambayoyi sun fita, aka tsaya sauya su. A nan kam kwamitin majalisa mai kula da hukumomin jarrabawa, na Honarabul Oboku Oforji, ya ba WAEC awa 24 ta bayyana. Sai kuma Agusta: aka fitar da sakamako aka ce kashi 38.32 cikin ɗari ne suka samu kiredit biyar da Turanci da lissafi, bayan kwana huɗu aka dawo aka ce kuskure ne wurin maki, kashi 62.96 ne. Ku auna yaran da suka kwana huɗu suna kuka a banza. Wanda ya ga wannan a shekara ɗaya ya ce a dakata a shirya, ban ga laifinsa ba.

Kwamared_Jas:
An kira su, sun zo, an yi faɗa a gaban kyamara. Sai me ya biyo baya? Haka a Janairun 2025 Sanata Oshiomhole ya tasa JAMB a gaba kan biliyan 1.1 na abinci da miliyan 850 na feshi da shara da tsaro, hukumar ta fito ta ce an juya alƙaluman ne, aka yi kwana biyu ana cacar baki, shi ke nan kamar an shuka dusa.

Barista_Rikkos:
Ko ba komai ka ji alƙaluman, Kwamared. Ba don zaman kare kasafin ba, da a ina za ka ji su har ka kawo mana nan?

MamanSadiq:
Ni duk wannan manyan lissafin ya fi ƙarfina, bari in faɗi nawa. Shekara biyu da suka wuce na kwashi adashena, na haɗa da kuɗin keken ɗinkina da na sayar, na kai kuɗin rajistar Sadiq wata makarantar kuɗi a unguwarmu. Mai karɓar kuɗin ya yago takarda daga littafin rubutu ya rubuta mini “an biya”, ya sa hannu, ko hatimi babu. Na ce ina rasit, ya ce, “Haba Hajiya, kamar ba a san juna ba?” Kunya ta hana ni matsawa, don tare muke zuwa Islamiyya da matarsa.

Ana saura sati biyu a fara, aka liƙa sunaye, babu Sadiq, babu wasu yara goma sha uku. Mutumin ya kashe waya, aka ce ya yi tafiya. Mai makarantar ya ce shi bai ga ko sisi ba. Muka taru iyaye za mu kai ƙara, sai dattawan unguwa suka shiga, a rufa asiri, a yi sulhu. Har yau rabin kuɗin aka ba ni, shi ma a guntu-guntu. Sadiq ya rasa shekara guda, yanzu yana Katako wurin kawunsa yana koyon aikin katako, ya ce shi ya gama da boko. Takardar nan tana cikin jakata har yanzu, ban san me ya sa na kasa yar da ita ba.

To ku masu sani, wannan wace majalisa ce za ta duba shi?

Baba_Hedimasta:
Innalillahi. 'Yata, Allah ya mayar miki da alheri. Ki turo mini yaron nan in yi magana da shi, akwai jarrabawar masu zaman kansu, bai makara ba.

Barista_Rikkos:
Hajiya, kar ki yar da takardar, hujja ce. Wannan cin amana ne da zamba a ƙarƙashin kundin dokar laifuka na final kod, kuma karɓar rabin kuɗi bai goge laifin ba. Sannan ba sai an je Abuja ba. Makarantun kuɗi gwamnatin jiha ce ke ba su lasisi, kuma Majalisar Dokokin Filato tana da kwamitin ilimi da na ƙorafin jama'a. Ku goma sha huɗun ku rubuta takarda ɗaya, ku sa hannu, ku kai ta hannun ɗan majalisar mazaɓarku. Ki same ni ta akwatin sirri in tsara muku, ba ko kwabo.

MamanSadiq:
Na gode Barista, na gode Baba. Sai na yi shawara da babansu, kun san halin unguwa.

Gaskiya_Ɗaci:
Ni fa ina ganin munafunci a zauren nan. Kowa na zagin majalisa da masu makaranta. Wa yake kai kuɗin? Ba mu iyaye ba? Yaro ya yi aji ɗaya zuwa biyar a makarantar gwamnati, yana shiga aji shida uban ya cire shi ya kai shi wani ƙauyen da ko hanya babu, wai can “ana ci”. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Har da wasu da ke cikin zauren nan, in an matsa in kira suna.

Admin:
Gaskiya_Ɗaci, ba a kiran sunan kowa ko na wata makaranta a nan. Gargaɗi na farko. A ci gaba.

Gaskiya_Ɗaci:
Na janye kiran suna, ban janye magana ba.

Abu_Hanan:
Maganarka da zafi amma ban musa ba. Ni kaina an kawo mini tayin a bana, wai in sauya wa Hanan cibiya. Sai da na kwana biyu ina juya abin kafin na ce a'a, kuma uwarta har yanzu tana ganin na cuci yarinyar. Amma shi ya sa nake son kwamfutar, don a cire mana wannan jarrabawar mu ma iyaye.

'YarWase:
To Alhaji, mu haɗu a tsakiya. WAEC ta fara gwada kwamfuta da masu zaman kansu tun farkon 2024, zaɓi-ka-cika a na'ura, insha'i a takarda. A ci gaba da haka, makarantun da suka shirya a birni su fara, mu a ba mu lokaci da kayan aiki. Tsorona ɗaya ne: a ce 2030, kowa ya koma barci, ranar 1 ga Janairun 2030 a tashi a tarar har yanzu kwamfutar shugabanmu ce kaɗai, in ma ba a yi masa canjin wurin aiki ya tafi da abarsa ba.

Akanta_Abj:
Malama, akwai abin da ya fi wannan ban tsoro: a ware kuɗin, a ba da kwangilar, a kawo kwali ashirin a ɗauki hoto, a buɗe a tarar goma ne ke tashi. Sakandare ma yawancinta ta jihohi ce, ba ta tarayya ba, ke nan majalisar jiha ce ya kamata ta riƙa zuwa tana ƙirgawa. In kasafin ya fito zan ciro shafukan ilimi in ajiye a nan, na tarayya da na Filato, kowa ya nemo ƙaramar hukumarsa cikin 17 ɗin.

Kwamared_Jas:
Ka ajiye, za mu karanta. Amma ka rubuta ka ajiye, za ka ga “samar da kwamfutoci” a mazaɓar shugaban kwamiti sau uku kafin ka ga Wase sau ɗaya.

Zee_Aji6:
Assalamu alaikum iyayena, ku yi haƙuri na shigo maganar manya, da wayar Mamana nake. Mu a ajinmu kullum magana daban. Yau a ce kwamfuta, gobe a ce an fasa. Malamin Turancinmu ya ce mu ci gaba da koyon rubutun wasiƙa da hannu, na kwamfuta kuma ya ce mu kawo dubu uku-uku na horo. Ni ban taɓa rubuta ko layi ɗaya da allon dannawa ba sai a waya. Wanne za mu bi?

Malama_Rifkatu:
'Yata, ki riƙe karatunki, tambayar ɗaya ce ko a takarda ko a gilashi. Dubu ukun nan kuma ki ce Mama ta nemi rasit mai hatimi kafin ta bayar. Kin ji abin da ya samu Maman Sadiq.

Mai_Kafe_BauchiRoad:
Zee, ku zo ranar Asabar ke da ƙawayenki, daga goma zuwa sha biyu kafin masu buga takardu su cika wurin. Ina da kwamfuta shida, ɗaya linzaminta na gardama. Kyauta ne, amma in an ɗauke wuta sai a haɗa kuɗin lita ɗaya. Alhaji Abu Hanan, a turo Hanan ita ma.

Abu_Hanan:
Za ta zo in sha Allah, man kuma na ɗauka. Amma Barista, saura tambaya ɗaya: cikin waɗanda suka ce “eh” ranar da aka buga gudumar nan, mutum nawa ne suke da makarantun kuɗi?

Barista_Rikkos:
Da murya aka yi, Alhaji, ba a rubuta sunan kowa ba.

'YarWase:
Malam mai kafe, in na shigo Jos ƙarshen wata karɓar albashi zan zo da yarinyar nan tawa mai linzami. A ajiye mata mai lafiyar, ba mai gardamar ba.